Maigidana ya samu aiki a tsibiran Maldives: in bi shi ko in zauna a Gombe?

Wata ƙanwarmu ungozoma da ke aiki a wani asibiti a cikin garin Gombe ce ta turo tambaya. Maigidanta likita ne, ya samu aikin kwantiragi na shekara biyu a ƙasar Maldives, tsibiran nan da ke tekun Indiya. Suna da yara biyu ƙanana, ga kuma ƙaramin ciki. Shi yana son su tafi gaba ɗaya, dangi suna cewa arziki ne ya kira, ita kuwa zuciyarta ta rabu biyu. Tana son ta san yadda rayuwar mace baƙuwa take a irin waɗannan wurare, kuma ko ya dace ta ajiye aikinta ta bi shi.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanya alheri a wannan buɗi, ya kuma raba ku lafiya. Na yi aikin jinya da ungozoma a wancan yanki, na zauna da matan Najeriya da na Indiya da na Masar, wasu aiki ya kai su, wasu mazajensu suka biyo. Abin da na gani shi ne kyan teku bai taɓa yanke wa mace hukuncin jin daɗi ko wahala ba. Abu biyu ne suke yankewa: wane tsibiri aka tura maigidan, kuma da wace takarda ke kanki kika shiga ƙasar. Duk sauran magana a kan waɗannan biyun take tsaye.

Mu fara da tsibirin, don a nan ne mutanenmu suke ruɗewa. Maldives ba dunƙulalliyar ƙasa ba ce da za ki hau mota daga wannan gari zuwa wancan. Tsibirai ne kusan 1,190 a warwatse cikin teku, kuma waɗanda jama'a ke zaune a kansu ba su kai 200 ba. Ƙidayar 2022 ta nuna mutum kimanin 515,000 ne a ƙasar, kusan kashi ɗaya cikin huɗu baƙi ne 'yan aiki, mafi yawansu daga Bangaladash da Indiya. Likita zai iya faɗawa ɗaya daga cikin wurare uku, kuma rayuwar matarsa a kowanne daban take.

Idan Malé ne, babban birnin, ko Hulhumalé da gada ta haɗa su tun 2018, to birni kika zo. Akwai manyan asibitoci, makarantu, kantuna, motar haya. Amma Malé tana cikin biranen da suka fi cunkoso a duniya, mutum fiye da 200,000 ne a yankin birnin, kuɗin haya kuma yana cinye babban kaso na albashi. Ke da kika saba da tsakar gida, a can ɗaki biyu ne a hawa na biyar ko na shida, yara ba su da inda za su yi gudu sai an fita da su.

Idan kuwa ƙaramin tsibiri ne na ƙauye, akwai da yawa da mutanensu ba su kai dubu ba. Za ki zagaye shi da ƙafa tsakanin la'asar da magariba ki dawo da sauran lokaci. Akwai kwanciyar hankali, sata ba ta da yawa, yara suna wasa a yashi, kowa ya san matar likita. Amma kayan miya sai jirgin ruwa ya kawo, kuma daga wajen Mayu zuwa Nuwamba, lokacin da iskar damina ke kaɗawa daga kudu maso yamma, teku yakan hargitse a soke tafiya.

Na ukun shi ne wanda nake so ki tambaya tun yau. Hotunan da kike gani a Instagram na tsibiran otal ne, inda tsibiri guda otal guda ne na 'yan yawon buɗe ido. Suna ɗaukar likita da nas don asibitinsu na ciki. Ma'aikata suna kwana a masaukin ma'aikata, kuma galibi ba a zama da iyali a can. Matar da mijinta ke irin wannan aiki takan ƙare a gidan haya a Hulhumalé ita kaɗai da yara, shi kuma yana leƙowa ranar hutunsa idan jirgi ya samu. In dai wannan ne aikin da aka ba maigidanki, ban ga dalilin da zai sa ki bar Gombe ba. Kin bar mahaifiyarki da aikinki da maƙwabtanki, kuma mijin da kika biyo ba ya gida.

Sai takarda. Matar da ta shiga da bizar rakiyar miji ba ta da izinin aiki. Zamanta a ƙasar rataye yake da kwantiraginsa: in aka sallame shi ko ya samu saɓani da masu aikin, ita ma zamanta ya ƙare. Na ga mata masu digiri, malaman makaranta da masu haɗa magunguna, waɗanda a gida su ne ake jira a ofis, sun koma jiran a dawo daga aiki a miƙo musu kuɗin kati. Wata shida na farko sukan ce hutu suke yi. Bayan nan sai ciwon kai da ba a gano dalilinsa ba, rashin barci, kuka ba dalili, faɗa da miji kan abin da bai kai ya kawo ba. Ke ma'aikaciyar lafiya ce, kin san sunan wannan ciwo, kuma kin san ba rashin godiyar Allah ba ne. Matan da na ga sun yi ƙiba sun yi haske a can su ne waɗanda suke da inda za su je da safe, da albashin da ke shiga asusunsu.

Ke kuwa Allah ya ba ki sana'ar da ake nema. Asibitocin Maldives sun dogara sosai da likitoci da nas-nas baƙi. Saboda haka kada ki tafi a matsayin 'yar rakiya alhali kina iya tafiya a matsayin ma'aikaciya. Hanyar ita ce Hukumar Nas da Ungozoma ta Najeriya ta tantance lasisinki ta aika wa takwararta ta Maldives, su yi miki rajista, sannan asibitin da ya ɗauke ki ya nema miki izinin aiki da sunanki. Yana cin lokaci da kuɗi, don haka a fara tun kina nan. Maigida ya tambaya a inda zai yi aiki ko suna da gurbin ungozoma, domin ma'aurata likita da nas abin so ne ga ƙaramin asibitin da ke fama da ma'aikata masu zuwa su gudu. Aikinki na nan kuma kada ki rubuta takardar ajiyewa. Ki nemi hutun da babu albashi, a ba ki amsa a rubuce. Shekara biyu kamar gobe ne, kuma kin san yadda samun gurbin aikin gwamnati ya zama a Gombe.

Maganar cikin nan ita ta fi damuna, kuma a nan zan gaya miki ra'ayina kai tsaye: ki haihu a gida. Tsarin lafiyarsu hawa-hawa ne. Ƙaramin tsibiri yana da cibiyar lafiya, sai asibitin gunduma a wani tsibirin, sai na yanki, sai manyan asibitocin Malé. Ma'aikatan suna da ƙoƙari, kuma sukan tura mai ciki ta koma kusa da babban asibiti tun kafin watanta ya kama. Amma ke kin san zubar jini bayan haihuwa da jijjiga ba sa jiran kowa. A nan in abu ya rikice a Kumo ko Dukku, mota ake nema a kama titi. A can jirgin ruwa mai gudu ake nema, wani lokaci cikin dare, kuma igiyar ruwa ce ke cewa a tafi ko a dakata. Ga kuma abin da ba ya cikin littafin asibiti: wa zai dafa miki ruwan wankan jego, wa zai dama kunun kanwa, wa zai riƙe manyan yaran in kina kwance kuma maigida yana kan kira? Na ga mai jego tana wanki kwana uku da haihuwa don babu kowa. Ranar suna kuwa mutum biyar ne a falo da waya a jingine ana nuna wa dangi.

Akwai kuma matsalar takardun jariri. Haihuwa a Maldives ba ta ba yaro zama ɗan ƙasa. Fasfo ɗin Najeriya zai buƙata kafin ya fita, kuma Najeriya ba ta da ofishin jakadanci a can, sai an bi ta wata ƙasa. Duk wannan wahala tana kaucewa idan kin haihu a Gombe, kin yi arba'in, an yi wa jariri rigakafinsa na farko da fasfonsa. Maigida ya riga ku tafiya, ya ga gidan da idonsa, ya karɓi albashi sau biyu ko uku ya tabbatar yana zuwa kan lokaci, sannan ku biyo. Gani ya kori ji.

Ta fuskar addini za ki samu sauƙin da ba za ki samu a Turai ba. Tsarin mulkinsu na 2008 ya shardanta cewa ɗan ƙasa Musulmi ne. Ana kiran salla ko'ina, hutun mako Juma'a da Asabar ne, nama halal ne, giya da naman alade ba a sayar da su a tsibiran jama'a sai a na otal. Hijabinki ba zai ɗaga wa kowa gira ba. Su Shafi'awa ne, don haka za ki ji liman yana bayyana bisimilla a Fatiha, yana ƙunut a bayyane da asuba, kuma a wurinsu taɓa fatar miji kawai yana karya alwala. Kada ki ɗauka kuskure suke yi, kuma kada ki shiga gyara musu. Alƙibla arewa maso yamma take, ki tambaya ranar da kika sauka. Ga 'yan'uwanmu Kiristoci na Kaltungo da Billiri da ke karanta wannan, ku sani babu coci a ƙasar, kuma doka ba ta yarda da ibadar wani addini a fili ba. Wannan babban abu ne da ya kamata mace ta auna kafin ta amsa.

Kasancewa Musulma ba ya hana a gan ki baƙuwa. A ƙananan tsibirai akwai waɗanda ba su taɓa zama da baƙar fatar Afirka ba. Za a kalle ki, yara za su biyo ki, wata majinyaciya za ta nemi a kira mata wata nas. Yana da ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Abin da na ga yana karya shi da sauri shi ne harshe. Suna magana da Dhivehi, rubutunsu daga dama zuwa hagu yake tafiya, amma da yawa suna jin Turanci, makarantu ma da Turanci ake koyar da yawancin darussa. Duk da haka ki koyi gaisuwa da kalmomin ɗakin haihuwa a harshensu. Tsohuwar da kika tambaya jikin 'yarta da harshenta, gobe ita za ta aiko miki da kifi.

Yanayi kuma ba irin zafin da kika sani ba ne. Zafin Gombe na Maris da Afrilu ya fi nasu a ma'auni, don can da wuya ya wuce 32. Amma namu busasshe ne, nasu jiƙaƙƙe, kuma babu hunturu da zai zo ya ba ki hutu. Zufa ba ta bushewa. Ƙurajen zufa da ƙyasbi suna damun yara da mai sa hijabi mai kauri, don haka ki ɗinka na yadi mara nauyi, kayan ciki na auduga. Atamfa da shadda in kika rufe su a akwati wata biyu za ki tarar da fumfuna, takalmin fata haka, zif da duk wani ƙarfe tsatsa yake yi saboda gishirin iska. Kayan lefenki masu tsada ki bar su a gida. Ki tafi da ɗinkakkun kaya, don telolin can ba su san ɗinkinmu ba. Mai kitso kuwa babu ita a ƙaramin tsibiri. Ki koyi yi wa kanki da 'yarki ko da kalaba ce, ki tafi da man kaɗe mai yawa.

Abinci shinkafa ne da kifin tuna da kwakwa, safe da rana da dare, sai wata gurasa sirirya da suke ci da safe. Kusan komai daga waje ake shigo da shi, shi ya sa tumatir da albasa suke tsada. Gero da dawa ki manta da su. Amma tuwon shinkafa yana yiwuwa, akwai tsakin alkama a kantunan Indiyawa da ke maye gurbin semo, akwai kuɓewa ɗanya da tsamiya da barkono mai zafin gaske, kuma zogale yana fitowa a gidajensu, suna cin ganyensa. Kuka da daddawa da yaji da busasshiyar kuɓewa ki niƙe su, a like a leda mai kauri, da kin isa ki zuba a firiza, in ba haka ba laima za ta lalata su. Kilishi da duk wani nama kada ki saka a kaya sai kin tabbatar da dokar kwastan, domin ƙasashen tsibirai suna da tsanani kan nama da iri.

Kan lafiya, labari mai daɗi shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar tun 2015 cewa babu zazzaɓin cizon sauro irin namu a Maldives. Wanda yake akwai shi ne dengi, da ɗan'uwansa cikungunya. Sauron da ke kawo su da rana yake cizo, musamman da safe da yamma, yana kuma hayayyafa a ruwa mai tsabta da ya taru a bokiti ko ɓawon kwakwa. Gidan sauro na dare kaɗai ba ya wadatarwa, sai da man shafawa na korar sauro da raga a taga. Idan yaro ya yi zazzaɓi, farasitamol kawai, ban da asfirin da ibuprofen don suna ƙara haɗarin zubar jini, sannan a je a yi gwaji. A wurin aiki za ki yi ta haɗuwa da talasemiya, ciwon jini na gado da ya yi yawa a can kamar yadda sikila ta yi yawa a nan, ki ɗan sake karanta shi kafin ki tafi. Katin rigakafin shawara wajibi ne ga mai zuwa daga Najeriya. Sannan yara su koyi iyo, ke ma ki koya. Yaron da babban ruwan da ya taɓa gani shi ne dam ɗin Dadin Kowa daga cikin mota, zai zauna inda teku yake ƙarshen kowane layi. Duk shiga jirgin ruwa a sa musu rigar kariya, ko da 'yan gari ba su sa ba.

Kuɗi kuma ku zauna ku karanta kwantiragin tare, layi-layi. Da dala za a biya ko da kuɗinsu, rufiya? Wannan tambaya ce mai nauyi, don ƙasar tana fama da ƙarancin dala, kuma canjin banki da na kasuwa ba ɗaya ba ne. Mun san wannan labari a Najeriya. Gida a kan wa yake, inshorar lafiya ta haɗa da iyali, tikitin hutu na mutum nawa ne? Fasfonki ya zauna a hannunki, ba a ofishin kowa ba, kuma duk dillalin da ya nemi kuɗi masu yawa kafin ya nuna takardar izinin aiki, a bincike shi a ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, in abin ya yi wari a kai wa NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane. Ku ware kuɗin tikitin dawowa a asusun da ke kanki za ki iya taɓawa. Daga ƙaramin tsibiri zuwa Malé, zuwa Doha, zuwa Abuja ko Kano, zuwa Gombe, tafiyar kwana biyu ce ko fiye. In aka yi rasuwa ba za ki samu jana'iza ba, sai dai zaman makoki. Ki yi wannan magana da iyayenki tun kafin ki tafi, ki nemi albarkarsu da sanin haka. Suna gabanmu da awa huɗu, don haka lokacin da Hajiya ta idar da isha ke dare ya raba a wurinki. Ku tsayar da lokacin waya da rana.

Ga masu irin wannan tambaya kan wasu tsibiran, a taƙaice: Zanzibar ta fi kusa da rayuwarmu, kusan duka Musulmi ne, da Swahili ake magana, kuma jirgin Habasha yana zuwa daga Addis Ababa. Mauritius babba ce, mutum fiye da miliyan ɗaya, Musulmi kusan kashi 17 cikin ɗari, halal ba wahala, amma sai kin ɗan iya Faransanci kuma akwai guguwar teku daga Nuwamba zuwa Afrilu. Seychelles yawancinsu Katolika ne, Musulmi kaɗan ne, rayuwa da tsada, kuma a 2023 sun tsaurara wa masu fasfo ɗin Najeriya shiga yawon buɗe ido, abin da ke nufin kawo uwa ta taya jego ba zai zo da sauƙi ba. A yankin Karebiyan akwai ofishin jakadancinmu a Jamaika da Trinidad, ana Turanci, amma nesa ce ƙwarai kuma lokacin guguwa daga Yuni zuwa Nuwamba ba wasa ba ne. Matar da ke son irin wannan aiki da ƙafarta ta duba shirin gwamnatin tarayya na tura ƙwararru, wanda aka kafa a 1987, yana aika likitoci da nas-nas da malamai ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik na shekara biyu. Ya fi bin dillali aminci nesa ba kusa ba.

Abu na ƙarshe da mutane ke mantawa shi ne ranar dawowa. Jikin da ya shekara biyu bai haɗu da zazzaɓin cizon sauro ba yana rasa sabon da ya yi da shi, jaririn da ya girma a can kuwa bai taɓa samun wannan sabon ba. Duk zuwa hutu Gombe, musamman da damina, ku kwana cikin gidan sauro, ku sha maganin rigakafi yadda maigida zai tsara, kuma in wani ya yi zazzaɓi bayan kun koma tsibirin, ki gaya wa likitan da ya duba shi cewa daga Najeriya kuke, a yi gwajin maleriya, don likitocin can ba su saba nemansa ba.